Fita Yawon Keke Cikin Rukuni a Hanyoyin Karkara: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin masu son shiga ƙungiyar masu keke, tun daga wanda bai taɓa wuce bayan gari ba har wanda ya fara tunanin jan tafiya da kansa. An faro da masu sauƙi, aka gangara zuwa masu zurfi.

Mece ce fitar rukuni? Tsere ake yi?

A'a. Ƙungiya ce kan sa rana, galibi da safiyar ƙarshen mako, a haɗu a wuri guda, a bi hanyar da aka zaɓa ta cikin ƙauyuka da gonaki, a yada zango a tsakiya, sannan a juyo tare. Akwai jagora a gaba wanda ya san hanya, ƙungiya mai tsari kuma takan ajiye gogaggen mutum a can ƙarshe don kada kowa ya ɓace. Idan adadin da ya fita shi ne ya dawo lafiya, tafiya ta yi kyau.

Abin ya daɗe. A 1878 aka kafa ƙungiyar yawon keke a garin Harrogate na Ingila, wadda a yau ake kira Cycling UK. Kekunan wancan zamani masu ƙatuwar ƙafar gaba ne, sai mai ƙarfin hali ke hawa. Da John Kemp Starley ya fito da keken Rover mai sarƙa a 1885, John Boyd Dunlop kuma ya kawo tayar iska a 1888, sai hawan keke ya zama na kowa, ƙungiyoyi suka bazu.

Ban saba da doguwar tafiya ba. Ba zan zame musu kaya ba?

Wannan fargabar ce ta fi hana mutane fitowa, alhali maganinta tambaya ce. Kafin ranar, ka nemi jagora ka tambaye shi abu uku: kilomita nawa za a yi, da wane gudu, kuma ana jiran wanda ya gaji ko ba a jira. Ƙungiyoyi da yawa suna kasa fitarsu kashi-kashi. Kowace da ma'auninta, amma sau da yawa rukunin masu farawa kan yi abin da bai wuce kilomita 40 ba, a gudun da bai kai kilomita 20 a awa ba, masu ƙarfi kuwa kan kai 28 ko su haura.

Ka lura, gudun da ake faɗa maka matsakaici ne na duk tafiyar, har da hawan tudu da sassautawa a mararraba. A shimfiɗaɗɗiyar hanya za a fi haka sauri. Saboda haka ka fara da rukunin da kake ganin ya yi maka sauƙi. Idan ka taɓa yin kashi biyu cikin uku na nisan kai kaɗai ba tare da ka galabaita ba, za ka iya sauran cikin jama'a, kuma dalilin yana cikin amsar da ta yi bayanin bin juna kurkusa. Ka gaya wa jagora cewa kai sabo ne, in kuma kana da asma ko ciwon suga ko ciwon zuciya ka faɗa masa, bayan ka ji ta bakin likitanka.

Dole sai da keke mai tsada?

Ko kusa. Keken da birkinsa ke kamawa, giyarsa ke shiga, ya kuma yi daidai da tsayinka, ya isa. Abin dubawa shi ne irin hanyar: kwalta mai kyau tana son taya mai santsi, burji da tsakuwa suna son mai faɗi da ɗan zane. Inda akwai tuddai, ƙaramar giya mai sauƙin murzawa ta fi rashin nauyin keke amfani.

Keke mai batir ya buɗe wa dattawa da masu murmurewa daga ciwo ƙofa, kuma ina ganin abin maraba ne. A dokar Tarayyar Turai, wanda ake lissafawa a matsayin keke shi ne mai inji da bai wuce wat 250 ba, wanda kuma taimakonsa ke yankewa a gudun kilomita 25 a awa. Wasu ƙasashen da nasu ƙa'idojin. Ka tambayi ƙungiya ko tana karɓa, in kuma ta karɓa, kada ka yi amfani da batir ka tsere wa abokan tafiya a kan tudu.

Me zan duba a jikin keke, kuma me zan ɗauko?

Da daddare ake dubawa, kada ka bari sai a wurin haɗuwa. Iska da birki da sarƙa su ne kan gaba. A gefen taya an rubuta iyakar iskar da take ɗauka. Cika ta tam a hanya mai gargada yana sa keke tsalle-tsalle ya rage kamun ƙasa, ƙarancin iska kuma yana sa bakin ƙarfe ya datse tiyub in ka faɗa rami. Matsa kowane birki ka tura keken, duba robar birki ko ta cinye, tabbatar ƙafafun biyu a ɗaure suke, sa wa sarƙa mai ka goge ragowar. In keken aro ne, ka gano wane hannu ne ke kama birkin gaba, domin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

A jaka ko aljihu: tiyub na ajiya mai girman tayarka, roba da sholisho, abin ɓare taya, ƙaramin famfo da ya dace da bawul ɗinka, ɗan kayan kwance kusoshi, waya mai caji, ɗan kuɗi, da takarda mai sunanka da lambar wanda za a kira in wani abu ya faru. Hular kwano kuwa, yawancin ƙungiyoyi ba sa fita da wanda bai sa ba, ko doka ta tilasta ko ba ta tilasta ba. A Ostareliya da Niyu Zilan doka ce tun shekarun 1990. Farar fitila a gaba da ja a baya suna da amfani ko da rana. Zancen ruwa da guzuri yana nan ƙasa da amsarsa daban.

Me ya sa ake bin juna kurkusa haka? Ba haɗari ba ne?

Iska ce dalili. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, da zarar gudu ya ɗan yi sama, mafi yawan ƙarfin da kake kashewa yana tafiya ne wajen keta iska. Turjiyarta kuma ba ta ƙaruwa daidai da gudu: in ka ninka gudunka sau biyu, turjiyar iska takan ninka sau huɗu, ƙarfin da za ka kashe don cin ta kuma sau takwas. Wanda ke gaba shi ke tsaga iskar, na bayansa ya shiga cikin lafawar da ya bari. A gudu mai ɗan yawa, na baya kan rage wajen kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa, na tsakiyar babban rukuni ma fiye da haka. Wannan ne ya sa mutumin da kilomita 40 ke gajiyar da shi in yana shi kaɗai yakan yi 60 cikin jama'a ya dawo da sauran ƙarfi.

Haɗarin gaskiya ne, kuma shi ne tushen duk ƙa'idojin da ke biye. Wanda ke bayanka ba ya ganin kwalta, bayanka yake gani. Ya ba ka amanar idonsa da fatarsa. Don haka a cikin rukuni, mahayin kirki shi ne wanda na bayansa zai iya sanin abin da zai yi kafin ya yi: ba ya taka birki kwatsam, ba ya karkacewa ba sanarwa, ba ya fizgar gudu. Ƙarfi yana zuwa da yawan fita, amma wannan natsuwar ita ake nema daga gare ka tun ranar farko.

Wace tazara zan bari, kuma wane kuskure ne ya fi kayar da mutane?

Ka fara da tazarar tsawon keke guda. In ka saba da mutanen, ka rage zuwa faɗin ƙafar keke. In ana ruwa, ko ana gangara, ko hanya ta lalace, ka ƙara. Kada ka kafe ido a kan tayar na gabanka. Ka riƙa duban ta saman kafaɗarsa, domin ka hango abin da zai sa shi ragewa tun kafin ya rage.

Babban kuskure shi ne ka bar ƙafarka ta gaba ta shiga gefen ƙafarsa ta baya. In ya ɗan kauce wa rami ya goge ta, shi da ƙyar zai ji, kai kuwa kan kekenka zai juye ka sha ƙasa, na bayanka su bi ta kanka. In ka ga kana cim masa, ka daina murza feda na ɗan lokaci, ko ka ɗaga ƙirji iska ta rage maka gudu, ko ka shafi birki a hankali. Yatsunka su zauna kusa da birki koyaushe. Shi ya sa ake hana kwanciya a kan dogayen mariƙan nan da masu tseren agogo (tseren da kowa ke yi shi kaɗai ana auna lokacinsa) ke ɗora hannuwa a kai cikin rukuni, ake kuma hana toshe kunne da abin sauraro.

Waɗanne alamu da kiraye-kiraye ya kamata in sani?

Nuna ƙasa da yatsa: rami ko dutse a wannan gefen. Tafin hannu yana danna iska ƙasa-ƙasa: a rage gudu. Hannu a sama: za a tsaya. Hannu a bayan ƙugu yana nuna gefe: akwai abu a bakin hanya, a matsa. Miƙa hannu dama ko hagu: za a juya. Inda sakin kan keke ke da haɗari, murya ta wadatar: "Rami!", "Mota a baya!", "A rage!" Kowace ƙungiya tana da 'yan bambance-bambance, ka saurari bayanin jagora kafin a tashi.

Alama ba ta da amfani in ta tsaya a layi na biyu. Duk wanda ya gani ya miƙa ta baya, kiran da ya taso daga baya kuma a miƙa shi gaba. A mararraba kaɗai ne ba a dogara da kiran wani. Ko na gabanka ya ce hanya a buɗe take, ka duba da idonka, domin abin da ya gani ya riga ya canza.

In layi ya kawo ni gaba, yaya zan yi?

Ka riƙe gudun da ka tarar. Sabon shiga yakan ji iska ta bugi ƙirjinsa, ya ga kamar ya rage, sai ya ƙara wuta ya wargaza layi. In kana da abin auna gudu, ka duba lambar kafin ka karɓi gaba. A ƙaramar gangara ka ci gaba da murzawa, in ba haka ba na baya za su yi ta taka birki. Bayan kwana ko mararraba ka ƙara gudu sannu-sannu, saboda na ƙarshe bai ma shiga kwanar ba lokacin da kai ka fita. In jere biyu ake yi, kan kekenka ya daidaita da na abokin jerenka, kada ka riƙa ɗara shi da rabin ƙafa kana tilasta masa ƙarawa.

Minti ɗaya ko biyu a gaba ba abin kunya ba ne. Ka waiwaya ka ga ba mota, ka kaɗa gwiwar hannu don na bayanka ya wuce, ka zame gefe ka koma ƙarshe da sauran numfashin kama layi. In ba ka da ƙarfin jan gaba a ranar, ka faɗa.

Jere biyu-biyu ya halatta? Ba ya fusata direbobi?

Doka ta bambanta, ka san ta ƙasarka. A Birtaniya, ƙa'idojin hanya da aka sabunta a 2022 sun yarda da jere biyu, sun kuma nemi direba ya bar aƙalla mita 1.5 in zai wuce mai keke a gudun da bai haura mil 30 a awa ba. Faransa ta sa mita 1 a cikin gari da 1.5 a wajensa, Jamus kuma mita 1.5 da 2. Hikimar jere biyu ita ce tana rage tsawon rukuni da rabi, direba ya wuce cikin ɗan lokaci, kuma ba ta ba shi sha'awar kutsawa inda ba wuri.

Duk da haka, in hanya ta matse ko motoci sun taru a baya, a koma jere ɗaya, ko a sami wuri a tsaya su wuce. Rukunin da ya yi yawa a raba shi biyu da tazara a tsakani. Kada ka yafuto direba ya wuce, domin in hasashenka ya kuskure ka jefa shi da abokanka cikin haɗari. Babbar mota kuwa, kada ka taɓa kutsawa gefenta a kwana ko mararraba. Akwai wuraren da direbanta ba ya gani ko da madubi.

Yaya ake hawan tudu da gangara cikin jama'a?

Canza giya kafin tudun ya kama ka. In za ka miƙe tsaye a kan feda, ka danna da ƙarfi a daidai lokacin, domin keke yakan ja baya kaɗan ya taɓa na bayanka. A dogon tudu kowa ya hau da ƙarfinsa, a haɗu a sama, a gefen hanya. Waɗanda suka riga isa su tuna cewa su sun huta, na ƙarshe bai huta ba, kada a tashi da zarar ya iso.

A gangara a buɗe tazara sosai. Rage gudu kafin kwana, fedar da ke ɓangaren wajen kwanar tana ƙasa ka danna ta, idonka a mafita. Birkin gaba shi ne mai ƙarfin tsayarwa, amma a matsa shi sannu tare da na baya, jiki ya ɗan koma baya.

Me hanyar karkara ke da shi da ta gari ba ta da shi?

Tsakuwa da yashi a kan kwana, laka da tarakta ta kwaso daga gona, ƙaya, da kwanar da shuka ta rufe. Tarakta takan ja kayan aiki da suka fi ta faɗi, tana kuma iya juyawa cikin gona ba zato. Layin dogo a tsallaka shi kai tsaye, kada a bi shi a karkace. In garken dabbobi ya cika hanya a tsaya ya wuce. Doki yakan firgita da abin da ya zo masa shiru ta baya, don haka a yi wa mahayinsa magana daga nesa, a rage gudu, a ba shi fili. Kare in ya matsa, sauka ka sa keken tsakaninku ya fi ƙoƙarin tsere masa cikin rukuni. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a nufi asibiti, saboda ciwon haukan kare.

A wasu wuraren waya ba ta kamawa, ka sauke taswira tun daga gida. In aka fara tsawa a fili, a nemi gini, kada a fake ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Sannan wurin da kuka zo shaƙatawa gidan wasu ne kuma wurin neman abincinsu: a gaishe su, a sassauta cikin ƙauye saboda yara, kada a taka shuka, kada a yar da leda.

Me zan ci, me zan sha?

Makamashin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan kai kusan minti 90 na aiki mai ƙarfi. In ya ƙare, ƙafa takan mutu, kai ya yi jiri, hankali ya rarrabu, kuma mai rarrabuwar hankali haɗari ne ga na bayansa. A tafiyar da ta wuce haka ana son giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko suga a kowace awa. Ayaba matsakaiciya tana da wajen giram 25. Paul de Vivie, Bafaranshen da ake yi wa kallon uban yawon keke, wanda ya rasu a 1930, ya shahara da shawarar a ci kafin a ji yunwa, a sha kafin a ji ƙishi.

Ruwa kuwa, wajen rabin lita a awa, fiye da haka in ana zafi, tare da ɗan gishiri in gumi ya yi yawa. Ɗura ruwa zalla fiye da kima shi ma yana da illa. Wanda ya fara ruɗewa ko sambatu a cikin zafi, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a nemi agaji nan take.

In na gaji, ko tayata ta yi faci fa?

Ka yi magana da wuri. Tazarar mita biyar rukuni na iya rufe ta da ɗan sassautawa, amma in ta kai mita ɗari kana kokawa da iska kai kaɗai. Mai ƙarancin ƙarfi ya zauna a layi na biyu ko na uku, domin a can ƙarshe ne ake shan wahalar ragewa da ƙarawa. In faci ne, ka ɗaga hannu ka faɗa, ka gangara gefe a hankali. Kafin ka sa sabon tiyub ka laluba cikin tayar ka cire ƙayar ko kwalbar, in ba haka ba za ka sake tsayawa nan gaba kaɗan. Za ka koma gida kafin a gama? Gaya wa jagora, kada a yi ta nemanka a hanya.

Wani ya faɗi. Me za mu fara yi?

A tsare hanya tukuna: mutum ɗaya gaba, ɗaya baya, suna tsayar da motoci. Wanda ke kukan wuya ko baya, ko ya suma, kada a ɗaga shi ko a cire masa hula sai in zamansa a wurin ya fi haɗari, a kira motar asibiti. In ya bugu a kai yana amai, ko yana maimaita tambaya ɗaya, ko ya manta yadda ya faɗi, kada a bar shi ya sake hawa ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau. Hular da ta bugu a sauya ta, ko ba a ga tsaga ba. Ka tambayi ƙungiya tun farko ko rajistarta ta haɗa da inshora.

Sirdi da gwiwa suna damuna. Haka abin yake?

Ɗan ciwon mazaunai a makonnin farko yana wucewa. Na gwiwa kuwa yawanci daga tsayin sirdi ne. Zauna ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa: ƙafarka ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. Murza giya mai sauƙi da sauri, wajen zagaye 80 zuwa 90 a minti, ya fi wa gwiwa daɗi a kan danna mai nauyi. Ciwon ƙirji ko jiri mai tsanani ba na haƙuri ba ne, a tsaya a nemi likita.

Ni mace ce, kuma ina son zuwa da ɗana. Akwai wurinmu?

Akwai. Ƙungiyoyi da dama suna da fitar mata zalla da fitar iyali, ki tambaya. In kina sa tufafi masu yalwa, ki tattare duk abin da zai iya shiga sarƙa ko ƙafar keke. Yaro kuma sai ya iya tafiya a miƙe, ya waiwaya ba tare da ya karkace ba, ya saki hannu ɗaya ya yi alama. Yawanci ana son babba nasa ya kasance tare da shi, kuma ki zauna a bayansa inda kike ganinsa.

Babu ƙungiya kusa da ni. Zan iya fara tawa?

Mutum huɗu da rana tsayayya sun isa. Ka bi hanyar kai kaɗai tukuna, ka san ramukanta da inda ake samun ruwa da inda za a iya yanke ta in wani ya gaza. Manhajoji irin su Komoot da Ride with GPS da Strava suna zana hanya a tura wa kowa. In da hali a fita ana fuskantar iska, a dawo tana turawa. Kafin a tashi ka yi bayanin alamun da aka ambata a sama, ka ƙirga mutane, ka sake ƙirgawa bayan kowane zango. Gudun da ka sanar shi za ka riƙe, ko da ƙarfafa sun fi yawa a ranar, domin wanda ya zo bisa alkawarin kilomita 18 a awa aka ja shi a 25 ba zai dawo ba.

Na saba da fitar mako-mako. Mene ne mataki na gaba?

Akwai tafiyar dogon zango da ake kira Audax, wadda ita ma ba tsere ba ce: ana ba ka hanya da wa'adi, ana buga maka hatimi a tashoshi. Kilomita 200 wa'adinta awa 13 da rabi, 300 awa 20, 400 awa 27, 600 kuma awa 40. Wanda ya kammala huɗun a shekarar da ake yin tafiyar Paris zuwa Brest da dawowa a Faransa ya cancanci shigarta. Wannan kilomita 1,200 ce cikin awa 90, an fara ta a 1891, yanzu kuma duk bayan shekara huɗu ake yi. An yi a 2023, mai zuwa 2027.

Kafin ka yi rajistar 200, ka riƙa ƙara tsawon fitarka kaɗan-kaɗan har ka yi 150 ba tare da ciwo ba, ka gwada abin da cikinka ke karɓa bayan awa shida a kan sirdi, ka kuma tanadi fitila mai haska hanya sosai, domin daga 300 zuwa sama da wuya dare bai riske ka ba.